Baka ko keji, baƙin ƙarfe ko kuromoli: wanne ya dace da motarka ta tseren dirag?

A filayen tseren dirag na Amurka, wato tseren motoci a kan gajeriyar miƙaƙƙiyar hanya, babu mai tambayarka injinka doki nawa ne. Abin da ake dubawa shi ne 'yar takardar da ake miƙo maka a ƙarshen hanya, wadda ke nuna daƙiƙun da ka ci kafin ka gama rubu'in mil, wato ƙafa 1,320 ko mita 402. Ranar da takardar nan ta nuna daƙiƙa 11.49 ko ƙasa da haka, jami'in duba motoci zai zo ya leƙa bayan kujerarka. In bai ga ƙarfen kariya ba, zai taya ka murna, sannan ya ce kada ka sake hawa layi sai ka je an yi maka walda. Daga nan ake shiga ruɗani, domin mai sayar da kaya zai faɗi nasa, mai walda ya faɗi nasa, abokan gareji kuma kowa da fatawarsa.

Dokar da akasarin filaye ke bi ita ce ta NHRA, ƙungiyar da Wally Parks ya kafa a 1951. Ta jera abin ne kamar matakala. Mota mai rufi da ta yi 11.49 zuwa 11.00 sai da bakan ƙarfe, wato bututun da aka lanƙwasa ya tsaya bayan kan direba, da madogarai biyu da suka tafi baya, da sanda guda a gefen ƙofar direba. Mota mai buɗaɗɗen rufi tun daga 13.49 ake neman wannan a wurinta. Bakan zai iya kai ka har 10.00, amma da sharaɗi: ba ka yanka daɓen motar ba, ba ka taɓa bangon da ya raba injin da ɗakin direba ba. In ka yanka, ko motar ba ta da rufi, to daga 10.99 sai cikakken keji, wanda ke zagaye direba gaba da baya da sama. Daga 9.99, ko gudun da ya wuce mil 135 a awa (kilomita 217), keji ya zama wajibi a kan kowa. Filaye da yawa rabin rubu'in mil suke tsere, wato ƙafa 660, kuma a can 7.35 ne ke matsayin 11.49, 6.39 kuma ke matsayin 9.99.

Sababbin motoci suna da rangwame, kuma labarin yadda aka zo nan yana da ban dariya. Dodge ta fitar da Challenger Demon ta 2018 tana yin 9.65 a gudun mil 140 kai tsaye daga shago, ba keji ba komai, har kamfanin ya riƙa tallarta da cewa NHRA ta haramta ta. A 2022 aka sassauta, aka yarda motar 2014 zuwa sama ta yi har 9.00 da mil 150 ba keji, muddin kayan kariyar da kamfani ya sa suna nan ba a taɓa su ba. Shekara ta zagayo sai ga Demon 170 da 8.91 a mil 151, ta sake tsallake shingen. In irin wannan motar gare ka, maganarka daban ce. Wannan rubutu na mai tsohuwar Mustang ne ko Camaro ko Civic da ya tuɓe wa kujeru yana haɗawa a garejin gidansa.

Baka ko keji

Wanda motarsa ke yin 11 da 'yan kai, kuma da ita yake zuwa aiki ran Litinin, baka ya fi masa. Dalilin farko ba kuɗi ba ne, kansa ne. Keji yana da bututu a saman ƙofa da gefen gilashin gaba, dab da goshi. A fili kana sanye da hular kwano, an ɗaure ka tamau da bel mai igiya biyar, kanka ba zai kai ga ƙarfen ba, in ma ya kai hula ce za ta sha. A kan titi kuwa ba hula, bel ɗin na kamfani ne mai saki, ƙaramin karo a mahaɗar hanya ya isa ya haɗa ƙoƙon kai da bututun. Soson naɗe bututun da doka ta amince da shi, mai lambar 45.1 ta SFI, gidauniyar da ke tsara ƙa'idojin kayan kariyar tsere, tauri gare shi kamar katako, don an yi shi ne ya tari hular kwano, ba fatar kai ba. Shi kuwa soso mai laushi irin wanda ake naɗa wa bututun ruwa, kwalliya ce kawai. Ko bakan ma yana kashe kujerar baya, kada ka sake ka ɗauki yara a can.

Doka ta fayyace yadda bakan zai tsaya. Kada ya yi nisa da bayan kan direba fiye da inci 6, kuma ya ɗara saman hular kwano da aƙalla inci 3. Madogaran baya su kama shi a cikin inci 5 daga ƙololuwa, su kwanta aƙalla digiri 30 daga tsaye. Sandar gefe ta ratsa tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Sandar da ke gicciye a bayan kujera, inda ake ɗaura bel ɗin kafaɗa, kada ta haura kafaɗa, kada kuma ta sauka fiye da inci 4 ƙasa da ita. Wannan na ƙarshen ba ƙa'idar banza ba ce. In sandar ta yi ƙasa sosai, lokacin karo bel ɗin zai danne kafaɗu zuwa ƙasa ya matse ƙashin baya, a fita daga mota da rai amma da karayar gadon baya.

To amma ga inda mutane ke asara. Mai tseren dirag ba ya tsayawa inda ya ce zai tsaya. Wanda ya rantse 11.20 ta ishe shi, baɗi za ka same shi da tarbo ko kwalbar naitros masu ƙara wa inji ƙarfi, yana neman 9.90. Ana iya ƙara wa baka bututun gaba ya zama keji, tunda bakan inci 1 da 3/4 ne, ya ma fi inci 1 da 5/8 da ake nema wa keji faɗi. Sai dai hakan na yiwuwa ne in tun farko an kafa shi da walda, a wurin da ya dace, hular direba na gabansa. Bakan da aka ɗaure da noti, doka ta yarda da shi a matakinsa in an yi masa faranti mai inci 6 a kowane gefe da kaurin inci 0.125, ɗaya a saman daɓe ɗaya a ƙasa, da noti aƙalla 4 masu inci 3/8. Amma farantin keji sai walda. Ranar da ka haura mataki, kwance shi za a yi, a sake cire kujeru da kafet da silin, a sake biyan kuɗin aiki. Tun ran gini ake zane. In har kana jin injin da kake haɗawa zai sauka ƙasa da 10.00 cikin shekara biyu ko uku, kuma motar a tirela take zuwa fili, ka yi keji tun yanzu ka huta.

Ka sani kuma 9.99 ba keji kaɗai take jawowa ba. Sai sufeton NHRA ya duba shi ya manna masa sitika mai lamba, kuma duk shekara 3 ake sabuntawa. Kai ma sai ka yi lasisin tsere. Ga ragar taga mai lambar SFI 27.1, ga rigar kariya daga wuta mai lambar SFI 3.2A/5. Shi bel mai lambar SFI 16.1 tun daga 11.49 ake nemansa, shekara 2 kuma yake yi ya mutu ko da bai taɓa fita daga leda ba. Akwai masu rage wa motarsu wuta da gangan su zauna a 10.0 da ɗoriya shekara da shekaru don gudun wannan ɗawainiya, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Wane ƙarfe

Nan ne gardamar take da zafi, nan ne kuma aka fi yaudarar kai. Ƙarfe iri biyu aka fi amfani da su. Akwai baƙin ƙarfe na yau da kullum mai ƙarancin kabon, irin 1018 ko 1020. Akwai kuma kuromoli, mai lamba 4130, wanda kabon ɗinsa ya kai wajen kashi 0.30 cikin ɗari, an kuma gauraya masa kuromiyam kusan kashi 1 da ɗan molibdinam. A keji, faɗin bututun ɗaya ne ga duka biyun, inci 1 da 5/8 (milimita 41.3). Bambancin yana kaurin bango: baƙin ƙarfe kada ya gaza inci 0.118, wato milimita 3, kuromoli kuma inci 0.083, wato milimita 2.1.

Za ka ji ana cewa kuromoli ya fi sauƙin nauyi. Ba haka ba ne. Yanki guda na wannan da yanki guda na wancan, in girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya ne a sikeli. Abin da kuromoli ya fi shi ne jure ja kafin ya lanƙwashe har abada, shi ya sa doka ta bari a yi bangonsa siriri, daga sirantar nan ne sauƙin ya fito. Haka kuma ba ya ƙara wa mota tsauri. Wajen ƙin lanƙwasa a ƙarƙashin matsakaicin nauyi, duk ƙarafan nan kusan ɗaya suke, don haka keji mai siririn bango ya ma fi mai kaurin bango motsi kaɗan.

Bari mu yi lissafi. Mita guda ta kuromoli mai bangon 0.083 tana da nauyin kilo 2 da ɗan ɗigo. Baƙin ƙarfe mai bangon 0.120 kilo 2.9 ne, mai 0.134 kuma kilo 3.2. A ce kejinka ya ci mita 25 na bututu. Na kuromoli zai zo wajen kilo 51, na baƙin ƙarfe tsakanin 72 da 80. Ribar ke nan, kilo 21 zuwa 29. 'Yan tsere suna da tsohon ƙiyasi cewa duk fam 100 da ka sauke, wato kilo 45, yana rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ashe duk hayaniyar a kan wajen daƙiƙa 0.05 ce. Ga mai fafatawa a ajin da ake sakin motoci tare, wanda ya riga isa ya ci, wannan abu ne babba. Ga mai tseren da kowa ke rubuta lokacin da yake sa ran yi a gilashi, a ba mai jinkiri damar fara tashi, ba ta ƙara masa komai, domin a can daidaito ake nema ba sauri ba. In kuma ajinka yana da mafi ƙarancin nauyi, kilon da ka rage a keji da dalma za ka mayar da shi, sai dai ka samu 'yancin ajiye ta inda kake so, ƙasa-ƙasa kuma baya, wanda shi ma ba a raina shi.

Abin da kuromoli ke karɓa a madadin wannan riba shi ne walda. Doka ta ce sai TIG, wato waldar lantarki da iskar gas wadda ake ciyar wa waya da hannu, ba a karɓar wata. Baƙin ƙarfe kuwa MIG, wadda inji ke tura mata wayar, ko TIG duk an yarda. Waldar TIG aiki ne na haƙuri, hannu ɗaya riƙe da tocila, ɗaya yana ciyar da waya, ƙafa tana kan feda, ga mutum a dunƙule cikin mota yana neman bayan bututun da ke manne da rufi. Awanni sun fi yawa, kuɗin aiki ya fi yawa, bututun kansa ya fi tsada. Kuromoli kuma ba ya yafe kuskure. In an cika masa wuta ko ya huce da gaggawa, gefen waldar yakan yi tauri ya zama mai saurin tsagewa, kuma ido ba ya ganin wannan. In bakin bututun bai zauna daram a kan ɗan'uwansa ba aka cike giɓin da waya, nan ne zai fara buɗewa. Baƙin ƙarfe yana da haƙuri. Yakan lanƙwashe ya shanye bugu, kuma matsakaicin mai walda zai iya fitar da aiki mai kyau da shi. A ganina kejin baƙin ƙarfe daga hannun wanda ya iya ya fi kejin kuromoli daga hannun mai koyo, nesa ba kusa ba.

Ko cikin baƙin ƙarfen akwai zaɓi, kuma nan ne tarkon da ya fi kama mutane. Bututun ERW faranti ne aka naɗe aka haɗe bakinsa da wutar lantarki, in ka leƙa ciki za ka ga layin ɗinkin. DOM shi ma daga nan ya faro, amma an sake jan sa ta cikin ma'auni a sanyi, sai bangonsa ya daidaita, ƙarfinsa ya ƙaru. Matsalar ita ce abin da aka rubuta a rasit ba shi ne abin da ke jikin ƙarfe ba. Bututun da aka sayar maka a matsayin 0.120 yana iya zuwa 0.115, masana'anta ba ta yi laifi ba don yana cikin rangwamen da aka ba ta. Shi kuwa sufeto ba ruwansa da rasit. Na'ura yake ɗorawa a jikin bututun, mai auna kauri da sauti, in ta nuna ƙasa da 0.118 magana ta ƙare, kejin da aka yi wata guda ana haɗawa ya zama aikin baban giwa. Shi ya sa masu sayar da kejin ERW suke yin sa da bangon 0.134, don a samu sarari. Wanda ya zaɓi DOM mai 0.120 don rage nauyi, ya auna kowane sanda da ma'auni a wurare da dama kafin a yanka. Haka ma mai kuromoli.

Yaushe kuromoli ke zama dole? Kejin da muke magana a kai yana aiki ne har 8.50, ko gudun mil 180 a awa. In an wuce nan, an bar zanen littafin NHRA an koma ƙa'idojin gidauniyar SFI, waɗanda sai ka sayi takardarsu ka bi ta sanda bayan sanda. Mai lamba 25.5 tana rufe 8.49 zuwa 7.50 ga motar da ba ta wuce fam 3,600 ba (kilo 1,633), kuma har a nan an yarda da baƙin ƙarfe. Sai an sauka ƙasa da 7.50, inda 25.1 da 25.2 da 25.3 ke mulki, sannan ƙofar baƙin ƙarfe ke rufewa. Wanda zuciyarsa ke can ya fara da kuromoli tun yau, ya kuma gaya wa mai haɗa masa ya kafa babban bakan da sauran sandunan bisa zanen SFI, don gobe ƙari za a yi ba rushewa ba. Amma a faɗi gaskiya, cikin masu haɗa mota a gareji, nawa ne za su taɓa ganin 7 a takardarsu?

Na kanti ko na tela

Kejin kanti yana zuwa a lanƙwashe daidai da samfurin motarka, wani ma an riga an fafe bakunan bututun. Yana da sauƙin kuɗi, kuma ga motocin da suka yi yawa a fili, irin Mustang ta 1979 zuwa 1993, ya daɗe da gyaruwa. Sai dai an auna shi ne da mota, ba da kai ba. Dogon mutum zai iya samun hularsa na gogar bututun sama, gajere ya tarar sandar bel ta haura kafaɗarsa. Kuma kada adadin ƙafafun keji ya ruɗe ka. Mai talla zai ce mai ƙafa 8, mai 10, mai 12, amma sufeto ba ƙafafu yake ƙirgawa ba, yana duba ko kowace sandar da yanayin motarka ya wajabta tana nan. In ka yanka bangon injin, sai an gitta sanda a ƙarƙashin dashbod. In ka yanka daɓe, sai an shimfiɗa sanda a dokin ƙofa. Akwatin kanti bai san ka yi waɗannan ba.

Wanda ya kai motarsa shagon masu haɗa kejin tsere ya biya ninki, amma an ɗinka masa daidai jikinsa, bututu ya lafe da bodi, shiga da fita sun yi sauƙi. Nan ne za ka iya neman sandar ƙofa mai buɗewa, wadda aka yarda da ita ga mota mai bodin kamfani har 8.50, kuma duk wanda ya haura shekara arba'in zai gode wa wanda ya ƙirƙiro ta. Tambaya ɗaya ta isa ka gane ko shagon ya san aikinsa: yaya za ku yi waldar saman bututun da ke jikin rufi? Masu gwaninta sukan huda daɓe a ƙarƙashin ƙafafun kejin, su sauke shi ƙasa, su zagaye waldar saman tsaf, su ɗaga shi, sannan su zura faranti a ƙarƙashi. Wasu rufin suke cirewa gaba ɗaya. Wanda ya ce maka ai wurin ba a gani, ɗauki makullinka. Kada kuma ka bari a bi walda da garanda don ta yi sumul, doka ta hana, don goga tana ɓoye ramuka tana kuma cinye naman waldar.

Abu biyu na gefe. Na farko, kejin da aka yi wa motar rali ko tseren zagaye bisa ƙa'idar FIA, hukumar tseren mota ta duniya, ba lallai ya wuce a nan ba, duk da kyansa. Can an yarda babban baka ya zama milimita 45 da bangon 2.5, ko 50 da bangon 2.0 na ƙarfe marar gauraye, ka ga duka biyun ba su kai milimita 3 ba. Wanda ya sayo mota daga Turai ya auna kafin ya yi murna. Na biyu, ga ɗan'uwan da ya iya waldar ƙofa da taga da sandar lantarki irin wadda muka saba gani a bakin titi a gida: wannan waldar ba ta cikin waɗanda aka amince da su, bututun famfo mai farin shafi kuma ba kayan keji ba ne, hayaƙinsa ma in an sa masa wuta yana kwantar da mutum.

In ni ne, ga yadda zan yanke. Motar titi mai yin 11 ko 10 da daɓenta lafiya, bakan baƙin ƙarfe da aka kafa da walda. Motar tirela da ke nufin 9 ko tsakiyar 8, keji na DOM ko ERW mai 0.134, sauran kuɗin su tafi kan kujera mai kyau da birki da taya. Kuromoli sai ga wanda ke faɗa a kan ɗigon daƙiƙa ko yake hangen ƙasa da 7.50, kuma ya riga ya ga aikin mai TIG ɗinsa da idonsa a kan motocin da suka samu sitika.

Kowanne ka ɗauka, kujerar da za ka yi tsere da ita za a fara kafawa, ka zauna a ciki sanye da hular kwanonka, sannan a ja tef a yi awo. Ka nemi littafin dokar shekarar da kake ciki, don duk shekara ana fitar da sabo, ka kuma tabbatar da wace ƙungiya filinka yake bi, tunda wasu na wata ƙungiyar ne kamar IHRA, Santa Pod ta Ingila da filayen Bahrain da Abu Dhabi kuma kowanne da hukumar da yake amsa wa. Sufetocin yanki suna amsa waya, da yawansu ma za su duba hoton kejin tun yana ɗaure da ɗigon walda su ce maka matsar da wannan sanda inci ɗaya. Fenti kuma ka bari sai sitikar ta hau.